Ranar da Jamus Ta Ci Agege

Duk Agege an san Baba Audi ya yi yaƙin Jamus. Abin da ba a sani ba shi ne a ɓangaren Jamus ɗin ya yi shi.

Ba ƙarya ya shirga wa mutane ba, Audi ya fi ƙarfin wannan. Ranar da ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Agege, bayan yaƙin farko ya lafa, da ƙunshin kayansa a ka da tabon harsashi a cinya, wani ya tambaye shi inda ya samo tabon. Ya ce a Kamaru, a dutsen Mora. Aka ce ashe soja ne, ya ce soja ne. Sauran labarin mutanen gari suka ƙarasa da kansu, shi kuwa ya ga rashin ladabi ne baƙo ya katse manya suna magana. Haka aka liƙa masa Saje, ya shiga sana'ar goro, ya yi aure, ya yi furfura, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko daga saman dutsen yake harbi ko daga ƙasa.

Daga sama yake harbi. Yana saurayi ya bi fatake zuwa Garwa, jari ya karye, yunwa ta kai shi ƙofar barikin Jamus, suka ba shi kaki da bindiga da bulala gwargwadon buƙata. Da yaƙi ya tashi, shi da abokansa suka tsinci kansu a saman dutse, sojan Ingila da na Faransa sun kewaye su ta ƙasa, aka fi shekara ana gaisawa da harsashi. Da abin ya ƙare aka karɓe bindigoginsu, aka ce kowa ya kama gabansa.

Audi bai damu da ya yaudari gwamnati ba, gwamnati ba ta taɓa aiko masa da gaisuwa ba. Mutum ɗaya ne shirun nan yake ci masa rai a kansa, Talle mahauci. Yayan Talle, Iliyasu, sojan Ingila ne, a Mora ya rasu, ko hularsa ba a kawo gida ba. Tun ranar da Talle ya ji ga wani ya zo da ya yi Mora, ya nemo shi, ya riƙe shi madadin ɗan'uwansa. Yaya yake ce masa. Shi ya tsaya masa da zai auri Hansai, shi ya yi jinyarsa shekarar da zazzaɓi ya so ya kai shi, kuma duk la'asar tare suke zama a rumfar goro har a kira magariba. Audi ba shi da kowa a Kurmi da ya kai Talle, kuma ya san haka.

Tambaya guda Talle yake yi masa, ba kullum ba, sai abin ya taso masa: ko an binne Iliyasu, ko an yi masa salla? Audi ya ce shi a wata runduna yake, can gefe, bai gani ba. Yana da amsar, amma amsar ta mutanen sama ce, wanda yake ƙasa ba shi da hanyar saninta. Hansai kaɗai ta san komai, ita kuwa shawararta ɗaya ce tun tana amarya, ya bar abin a cikinsa.

To, ana nan sai Turawa suka sake tsokano wani yaƙin, kamar na farkon bai ishe su ba. A daminar da Faransa ta faɗi, rumfar goron Agege ta koma majalisar yaƙi. Abdulwahid akawu, haifaffen Ikko, wanda yake Hausa da Yarabanci da Turanci duk a numfashi guda, shi yake zuwa da jarida ya fassara. Nan take kowa ya zama janar. Mutumin da matarsa ke korarsa daga ɗaki da muciya sai ka ji yana bayanin yadda za a kare birnin Faris. Amma in gardama ta yi tsami, wajen Saje ake juyawa.

Shi kuwa sai ya jawo faifai, ya jera farin goro a gefe guda, jan goro a gefe guda. Ya ce Faransa ta gina katanga ta zauna a bayanta tana jiran a buga mata ƙofa, shi ko Bajamushe ba ya buga ƙofa. Zai zagaya gidan yana taɓa bango har ya sami inda ruwa ya ci, sai ya tara duk ƙarfinsa a wannan wuri guda, ba ya rarraba shi don a ga ya yi adalci. In ya ɓulla ciki ba ya tsayawa cin tuwo, ba ya tsayawa ƙirga wanda ya kama, wucewa yake yi har sai ya kai inda masu ba da umarni suke zaune, ya tarar da su da cokali a hannu. Kuma babbansu ba ya gaya maka yadda za ka yi, abin da yake so kawai yake faɗa, in ka tsaya jiran a nuna maka hanya ka sha bulala. Yana magana yana tura jan goro ta bayan farin, har ya tattare su a tsakiyar faifan. Mutane su jinjina kai su ce lalle Saje ya san abokan gabansa ciki da waje. Talle ya fi kowa alfahari, ya riƙa duban jama'a kamar shi ya haife shi.

Sai aka zo da maganar makon taimakon yaƙi. Wani Bature daga Ikko, matashi mai jan wuya, ya ga cewa mutane sun fi sakin hannu in an ba su abin kallo, don haka ya shirya a yi wasan yaƙi a filin da ke bayan tasha. 'Yan sa-kai daga Ebute Metta, unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa a Ikko, akawuna da masu duba tikiti da aka ɗinka wa kaki aka ba su bindigogin katako, su ne Ingila. Ana buƙatar Jamus. Ba unguwar da ta so ta zama Jamus, sai aka ɗora wa Hausawa, tunda su ba a cika tambayar ra'ayinsu ba. Mai unguwa ya ce ai faɗuwa ta zo daidai, ga Saje da ya san halin mutanen nan, shi zai jagoranci Jamus ɗin.

Abdulwahid ne ya kawo tsarin. Ya ce abin ba wahala, oga ya riga ya tsara komai. Jamus za su fito daga ƙarshen fili, su taho kai tsaye ta gaba suna ihu suna tuntuɓe. In aka busa usur na farko rabinsu su zube, in aka busa na biyu sauran su watse da gudu, shi kuma shugabansu ya durƙusa a tsakiyar fili, ya ɗaga hannu sama yana kuka. Za a kifa musu tasoshi a ka a matsayin hular ƙarfe, a zana musu gashin baki da gawayi. Audi ya ce to. Me zai ce?

Da ya koma gida Hansai ta ajiye masa abinci, ta tsaya a kansa tana kallonsa, irin kallon da take yi wa mai sayar da manja in ta san ya haɗa da ruwa.

"Malam, faɗuwa kawai aka ce ka yi," in ji ta. "Ka iya faɗuwa?"

Ya ce wane ne bai iya faɗuwa ba.

Talle ya ba shi mahauta, masu goro suka ba shi 'yan dako, aka shiga gwaji. Mutanen Agege kuwa Allah ya ba su baiwar mutuwa. Wani ya dafe ciki ya yi juyi kafin ya zube, wani ya faɗi ya tashi ya sake faɗuwa don ta farkon ba ta yi masa kyau ba, wani ƙaton mahauci mai suna Mamman har wasiyya yake bari. Masu kallo suna riƙe ciki don dariya, Audi ma yana dariya, amma abin yana ƙona shi. Sojan Jamus da shi ya sani ba jajayen kunnuwa ba ne, Uwaisu ne da Ɗahiru da ire-irensu, Hausawa kamarsa, waɗanda suka dafa fatar takalmi suka ci a saman dutse, suka mutu ba su yi juyi ba, ba kuma wanda ya yi musu tafi. Shekaru da yawa bai ambaci sunayensu a bainar jama'a ba, yanzu kuma an ce ya kifa tasa a ka ya yi kuka a madadinsu. Ya ji takaici, ya ji kunya, amma duk da haka ya ƙudurta zai faɗi. Ya gwammace ya durƙusa a gaban duk Ikko da ya rasa Talle.

Da niyyar faɗuwa ya fita ranar wasan. Abin da ya ɓata al'amarin shi ne ya zo da wuri, ya zagaya filin yana dubawa, don tsohon soja ba ya ganin fili ya ƙyale shi. 'Yan Ebute Metta sun jeru a bayan buhunan yashi, fes da su, kaki ya sha guga, duk fuskarsu na duban gaba. A bayansu an kafa rumfar manyan baƙi, ga kujeru, ga tebur da butar shayi da biredi mai sukari. A gefen hagu akwai jerin taragu da aka ajiye babu kowa, sun miƙe tun daga ƙarshen fili har zuwa garken da ake sauke shanu, daga garken kuma sai itatuwan goro da suka zagayo har bayan rumfar. Ko mutum ɗaya ba a ajiye a wajen ba. Audi ya tsaya yana kallon wannan sakaci, ransa na ɓaci kamar tela ya ga ɗinki a karkace a jikin ango.

Ya ce wa kansa ba ruwansa. Ya koma wajen mutanensa, ya kifa tasarsa, aka zana masa gashin baki. Jama'a ta cika fili, matan Yarabawa masu goro sun zo da zannuwansu na fita, an kawo 'yan makaranta da tutoci, Bature ya zauna a tsakiyar rumfa da usur a wuya. Audi ya dubi faɗin filin da aka ce ya bi, fili fetal, ba ko tudun da kaza za ta ɓuya. Sai ya ji ƙafarsa ta ƙi. Ba wani dogon tunani ya yi ba, kawai dai jikin da aka hora da bulala ya ƙi yarda a ce Jamus ta bi ta nan. Ya ce a ransa ɗan gyara kaɗan zai yi, in an je can sai a faɗi.

Ya ware masu tumbi da masu ciwon gwiwa, ya ba su ganga, ya ce su tsaya a gaba su yi ta ihu suna ta da tasoshi sama, in an busa usur su mutu yadda suka saba. Sauran, masu ƙafa, ya ja su bayan taragu. Ya kira Mamman ya nuna masa rumfar baƙi ta tsakanin ƙafafun jirgi, ya ce waccan yake so. Mamman ya tambaya ta ina za a bi, kuma in an isa me za a yi. Audi ya ce wannan matsalarsa ce, shi dai rumfa yake so, kuma duk wanda ya tsaya a hanya ko da takalminsa ne ya cire, shi da shi.

Suka bi bayan taragu a sunkuye, suka ratsa garke shanu na kallonsu, suka shige cikin goro. A can gaba masu tumbi suna ta aikinsu, ganga na tashi, 'yan Ebute Metta suna harbi da baki, suna jin daɗin kansu. Bature ya busa usur na farko, rabin masu tumbi suka zube, jama'a ta ɗauki tafi. A daidai lokacin Audi ya leƙo daga bayan itace, ya ga bayan kujerun manya da ƙeyoyinsu a jere, ba wanda ya waiwayo. Abin da ya fito daga bakinsa ba Hausa ba ce, ba Turancin Ingila ba ne. Wata irin tsawa ce daga maƙogwaro, wadda ya shekara da shekaru yana danne ta, shi kansa bai san tana nan da ranta ba. Mahauta ba su san ma'anarta ba, amma sun gane abin da ake nufi.

Kafin a ce me ke nan, Jamus ta cika rumfa. Wani babban akawu ya tashi da kofi a hannu ya rasa inda zai ajiye shi. Matar wani attajiri ta haye kujera. Mamman ya tsaya a bayan Bature da bindigar katako, ya rusuna cikin ladabi ya ce ransa ya daɗe, an kama shi. 'Yan Ebute Metta suka juyo suka ga abokan gaba a inda shayi yake, rabinsu suka ruga ceto, rabi suka ruga tasha, suka yi karo da juna a tsakiya, ɗaya ya haye bishiya da kakinsa. Bature ya yi ta busa usur har wuyansa ya ƙara ja, ba wanda ya faɗi sai ragowar masu tumbi can a fili, waɗanda suka mutu bisa alkawari suka kwanta suna ɗaga kai suna tambaya ko an gama. 'Yan dako kuwa, da yake ba a gaya musu me za su yi bayan nasara ba, suka yi shawara da kansu suka cinye biredin.

Filin ya kaure da sowa. Matan Yarabawa suna guɗa, 'yan makaranta suna kaɗa tutar Ingila suna yi wa Jamus kirari, malaminsu na bin su da bulala. Audi kuwa hankalinsa ya riga ya bar Agege, ya koma barikin Jamus. Ya tako zuwa gaban Bature da wata irin tafiya, ƙafa a miƙe ba lanƙwasa gwiwa, ya buga dunduniya da dunduniya, ya ƙame, tasa a ka, gawayi na gangarowa da gumi. Duk wanda ya taɓa ganin faretin sojan Ingila ya san wannan ba shi ba ne.

Sowar ta lafa a hankali. Bature ya gyara kwalar rigarsa, ya kira Abdulwahid, ya ce a tambayi tsohon nan inda ya koyi wannan.

Amsar tana nan a shirye, irin wadda ya saba bayarwa: wanda ya yaƙi mutane dole ya san halinsu. Da ya faɗe ta da an wuce wajen. Ya hango Talle a gaban jama'a, yana murmushi, yana jiran Yayansa ya ba da amsa mai daɗi. Amma jininsa bai sauka ba, kuma ya gaji, gajiyar da bai san ya tara ba sai yanzu da ya miƙe tsaye.

"Gaya masa a wajensu na koya," in ji Audi, da muryar da ta kai ƙarshen fili. "Ni sojansu ne. A saman Mora nake, ni da Uwaisu da Ɗahiru da wasu da yawa, kuma ba wanda ya durƙusa yana kuka a cikinmu."

Abdulwahid ya dubi mai unguwa. Mai unguwa ya dubi sama. A irin wannan lokaci, da ake kwashe duk wanda ya taɓa gaisawa da Bajamushe, maganar nan tana iya jawo wa unguwa duka bala'i. Sai akawu ya gyara murya, ya juya wajen Bature, ya zuba Turanci mai santsi. Ya ce tsohon yana cewa da gangan ya yi, don jama'a su gani da idonsu irin makircin abokan gaba, su san ba a yaƙarsu da rowa. Nan take fuskar Bature ta washe. Ya miƙa wa Audi hannu, ya hau kujera ya yi jawabi a kan hikimar tsofaffin sojan Sarkin Ingila, aka yi tafi, aka zagaya da faranti. An ce ba a taɓa samun taimako irin na ranar ba.

Bature dai bai ji komai ba, amma duk mai jin Hausa a filin ya ji. Da Audi ya waiwaya inda Talle yake tsaye, wata mai lemo ce a wurin.

Gari bai ɗauki abin da zafi ba. Mai unguwa ya aika gida gida cewa ba wanda ya ji komai, kowa kuma ya yarda bai ji ba, sannan aka zauna ana maimaita shi har da kwaikwayon tafiyar. Wasu suka ce dama sun sani, sun ga alama a yadda yake ɗaure huhun goro. Wasu suka ce Bature Bature ne, wanda ya ba ka kaki shi ne naka. Rumfar goro ta fi da cika, kowa yana son Saje ya sake jera goro a faifai. Audi bai jera ba. La'asar ta yi ta wuce, wata ta zo ta wuce, gefen tabarmar da Talle yake zama ba kowa. Hansai ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Sau ɗaya kawai, tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta ɗago ba, ita dai ta tambaye shi ko ya iya faɗuwa.

Da ya ga zaman ba zai kai shi ko'ina ba, ya tashi wata safiya ya nufi kwata. Ya tarar da Talle a bakin teburinsa yana sarar ƙashi. Ya yi sallama, Talle ya amsa yadda ake amsa wa mai ciniki, bai ajiye gatarin ba. Audi ya tsaya, ƙudaje na zagaya shi, ya rasa ta inda zai fara. Mutumin da ya zagaye rundunar Ebute Metta ta baya, yau ba shi da wata hanya sai ta gaba.

"Malam Audi," in ji Talle. Tun da suke bai taɓa kiransa haka ba. "Kai ka harbe shi?"

"Ban sani ba. Na yi harbi ranar. Kowa ya yi."

Talle ya ci gaba da sara. Can ya tsaya, bai dube shi ba, ya yi tsohuwar tambayarsa, ko an binne shi.

Audi ya ba shi labarin yadda yake. Ya ce da asuba aka turo su Iliyasu, kai tsaye ta gaban dutsen, inda babu ko ciyawar da za ta rufe mutum, har farin sajen da ke kansu ya riƙa zagin wanda ya ba da wannan umarni. Aka kore su suka dawo, aka sake korarsu suka sake dawowa. Waɗanda suka fi kowa zuciya su ne suka kai kusa da sama, can suka faɗi, inda mutanensu ba za su iya ɗaukarsu ba. Da harbi ya tsaya, Musulmin da ke sama suka roƙi izini, aka ba su. Babu ruwan wanka, don ko na sha a ƙirge yake, sai taimama aka yi musu. Babu likkafani, aka naɗe kowa a bargonsa. Suka tona tsakanin duwatsu da wuƙar bindiga, suka fuskantar da su gabas. Uwaisu, da yake ya ɗan yi karatu, shi ya ja sallar.

Talle ya ce mutane da yawa sun faɗi a dutsen nan, ta yaya ya san har da nasa.

"Ni na kama ƙafafunsa," in ji Audi. "Ranar da ka fara zuwa rumfa nemana, kafin ka buɗe baki na gane ka. Kamarku ɗaya."

Talle ya ajiye gatarin. Ya daɗe yana duban teburin, leɓensa na motsi, yana yi wa Allah godiya a hankali, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Audi har ya fara sa rai.

"Tun ranar farko ka sani," in ji Talle. "Inna ta yi shekara tana jinya a gidana, kana zuwa gaishe ta, tana kama hannunka tana tambayarka. Da wannan tambayar ta rasu."

Audi ya tuna hannun tsohuwar. Ya tuna abin da ya gaya mata.

Talle ya share fuska da gefen rigarsa, ya ɗauki gatarin. Ya tambayi sunan wanda ya ja sallar, Audi ya sake faɗa masa.

"Allah ya jiƙan Uwaisu," in ji Talle. "Kai kuma ka tafi, Malam Audi, ina da ciniki."

Wata mata ta matso da kwanonta tana tambayar kuɗin hanta. Audi ya ja baya ya ba ta wuri, ya ɗan tsaya ko za a ƙara cewa wani abu, sannan ya juya ya kama hanyar tasha.